Babban Yatsan Shadrach

Akwai wani ɗan kabu-kabu a garin Kontagora mai suna Shadrach. Mutumin wajen Rijau ne, amma ya daɗe a gari har ya san lungunansa kamar yunwar cikinsa.

Wata kaka ya je gida taya 'yan'uwansa casar masara, tsautsayi ya sa injin ya kama masa babban yatsan hannun hagu. Ciwo ya warke, yatsa dai ya tafi.

Wanda bai taɓa tuƙa mashin ba zai ce ai yatsa ɗaya ne. To hon da sigina da makunnin fitila duk a hagu suke, kuma wannan yatsan ne ke danna su.

Ranar da ya koma aiki, wata mai kunu ta tsallako titi a bakin kasuwa ba ta duba ba. Shadrach ya kai hannu zai danna hon, ya ji wayam. Da ƙyar ya kauce mata, shi da fasinjansa suka zube a kwata. Fasinjan ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa, "In ba ka da hannun tuƙi, ka koma gona mana!"

Maganar nan ta fi faɗuwar yi masa ciwo. Wani mai gyara ya ɗaure masa madannin hon a dama da salatif, waya na reto a waje, amma karya kwanar farko ta tsinke. Shadrach ya tura mashin gida ya lulluɓe shi da buhu.

Matarsa Helen ta gaji da ganinsa zaune a ƙofar ɗaki yana kallon hannunsa. Ta ce, "Baban Joy, ka gwada Ɗanmalam mana."

Ya ce, "Wannan mai nawar? Ai Sai-gobe ake ce masa."

Ta ce, "To kai ina za ka yau?"

Ɗanmalam dattijo ne mai gyaran wayar mashin a wata rumfa kusa da tasha. Gaskiya ba shi da sauri, ko kusa. Amma ban taɓa jin wanda ya mayar masa da aiki ba.

Da Shadrach ya iso, dattijon bai fara da duba mashin ba. Hannun ya kama ya juya shi a hankali, sannan ya ce, "Hau, ƙanena. Riƙe totur kamar kana tafiya. Rufe idonka, ka nuna mini inda babban yatsanka na dama ke kaiwa ba tare da ka saki ba."

Shadrach ya nuna, Ɗanmalam ya sa alli ya yi alama a wurin.

Daga nan ya kwance sitiyarin gaba ɗaya. Ya huda ƙananan kafofi a jikin ƙarfen, ya zauna yana goge bakinsu da magagari, ciki da waje, ya yanko robar tsohon tif ya naɗe bakin kowace kafa. Sai ya zura tsohuwar wayar birki ta cikin bututun, ya ɗaura wayoyin wuta a bakinta, yana ja sannu a hankali har suka ɓullo ta dama, inda ya yi alamar alli don kafa madannan.

Shadrach ya ƙosa. Ya ce, "Baba, wannan gugar fa? Wa zai leƙa cikin ƙarfe ya gani?"

Ɗanmalam ya ce, "Waya za ta gani. In na bar kaifi a ciki, kullum mashin na girgiza yana cin ta, sai ranar da ka fi bukatarta ta mutu."

A wuyan mashin kuma ya bar wayar da ɗan sako-sako. Ya juya kan hagu har ƙarshe, ya juya dama har ƙarshe, yana duba kada ta ja. Ya ce, "Ko akuya in ka ɗaure ta tamau, ranar da ta zabura igiya ce za ta tsinke."

Sai-gobe dai bai ba da kunya ba, don sai da aka kai gobe, har jibi. Amma da Shadrach ya danna hon da yatsan dama ya ji ta ɗauka, sai ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika da ƙwalla.

Mashin ya gyaru, zuciya ce ba ta gyaru ba. Shadrach ya koma aiki a gefen gari kawai. In fasinja ya ce cikin kasuwa, sai Shadrach ya tuna mai kunu ya ce a nemi wani.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya biyo ta rumfar don ya gaida dattijon kamar yadda ya saba, sai ya tarar da mutane sun taru. Batirin da aka sa a caji ne ya fashe, ruwansa ya watsa wa Ɗanmalam a fuska. Maƙwabta na ta kwara masa ruwa a ido, suna cewa a kai shi asibiti yanzu-yanzu. Ga titi ya cushe da motocin hatsi da shanu, ko keke ba ta motsi, kuma hanyar da ta rage ita ce ta tsakiyar kasuwa.

Shadrach ya tuna mai kunu. Amma ya ce, "Ku ɗora mini shi."

Ya kutsa cikin cunkoson nan yatsansa a kan hon. Masu baro suna darewa, masu talla suna ja da baya. Ya karya kan mashin hagu har ƙarshe tsakanin buhuna, ya karya dama har ƙarshe a bayan wata tirela, hon ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya. Da haka suka isa.

Likita ya ce ruwan da aka kwara da saurin zuwan sun taimaka, idon zai tsira.

Da yamma Ɗanmalam na kwance, fuska a naɗe da bandeji, ya lalubo hannun Shadrach ya ce, "Ƙanena, ashe ka shiga kasuwa? Allah ya saka maka da alheri."

Shadrach ya ce, "Baba, ba ni ba ne. Yatsan da ka mayar mini ne ya kawo ka."

Darasi: Ka kyautata aikinka har a inda ido ba ya gani, ka kuma yi haƙuri da mai yi maka aiki a tsanake. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wata rana a kan aikin hannunka za a ɗauke ka. Ku tura wa masu sana'ar hannu da kuka sani, da duk wanda wata lalura ta sa ya lulluɓe sana'arsa da buhu.