Jelar Kurege da Kainuwar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

To ku matso, mai tari ya gama tarinsa.

Wani gari ne mai marina da majema. Duk dagwalon da suka zubar kwata ɗaya yake bi, ya gangara tafkin bayan gari. Tafkin kuwa kainuwa ta lulluɓe shi ruf, kore shar, ga fure kamar za ta gidan suna. Masu kwalekwale na zaginta, masunta na tsine mata, don ba ta barin kowa ya wuce. Namun daji ko kallonta ba sa yi. Su dai sun san ruwa yana fitowa ta ƙasan tafki garau, nan ne mashayarsu.

Kurege ne kaɗai ya lura. Ya ga ruwa ya shiga baƙi ƙirin yana wari, ya ratsa saiwoyin kainuwa sannu a hankali, ya fito kamar ruwan randa. Da wani ne, sai ya sha ya gode wa Allah ya kama gabansa. Ban da Kurege. Fadar Zaki ya nufa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shekara da shekaru shi ke tace wa jama'a ruwa da jelarsa, amma ko ɓawon gyaɗa ba a taɓa miƙo masa ba.

Kunya ta kama Zaki. Ya yi doka, duk wanda ya sha ya ajiye wa Kurege gyaɗa cikin hannu. Kullum da safe sai Kurege ya tsoma bakin jela a ruwa, ya kaɗa dama, ya kaɗa hagu, yana cewa, "Jela kaɗa, dauɗa gudu. Jela kaɗa, dauɗa gudu." Rumbu ya cika, kumatu suka cika, ido ne bai cika ba.

Ana nan, rani ya yi tsanani, Giwa ta yi baƙi surukai, ga daji ya bushe. Ta zo bakin tafki tana tambayar mai wannan ɗanyen ganye. Kurege ya ce ai gadon kakansa ne. Suka shirya a kan kwandon dabino, ya ce amma gefe kawai za su taɓa, don ya san kainuwa ba ta daɗewa take mayarwa. To ku kun san gefen giwa. Kafin la'asar ita da surukanta sun share tafki tas, ko ganye ɗaya ba su bari ba.

Da gari ya waye Zaki ya tsoma baki a mashaya, ya ɗago da gemu shuɗi, yana warin jima. Kura ta fara dariya, ta ga idonsa, ta haɗiye abarta. Aka jawo Kurege ta ƙeya.

Zaki ya ce, "Tunda jelar nan ta fara lalaci a jikin mai ita, a yanke ta a kafa a tafki, ta riƙa aiki dare da rana."

Kafin ya rufe baki Kura ta fara wasa wuƙa. Tsoro na gaske ya kama Kurege, don ba abin da yake so a duniya kamar jelar nan. Ranar ce ya fara faɗin gaskiya tun da aka haife shi. Ya rantse ya maya cewa kainuwa ce ke shanye dauɗar, shi gyaɗa kawai yake ci. Fada ta kwashe da dariya. Wai ciyawar banza, maɓoyar macizai da sauro, ita ce za ta tace ruwa? Zaki ya ce bai taɓa jin ƙarya maras gishiri irin wannan ba, a ci gaba da wasa wuƙa.

Da Kurege ya ga gaskiya za ta kashe shi, sai ya koma sana'arsa.

"Ranka ya daɗe, ka kama ni. Jela ce, ba musu. Fushi ta yi, don an cinye mata shimfiɗa. Jela mai asiri ba ta zama a kan ruwa tsirara. In an yanke ta kuwa, asiri ya mutu."

Nan kowa ya gyaɗa kai, aka ce yanzu ya zo da magana. Kurege ya ce kuma ba mai kafaɗar ɗauko sabuwar shimfiɗar kainuwa daga kogi sai Yaya Kura. Kura ta ajiye wuƙa ta kama jigila, ta je ta dawo, ta je ta dawo, ruwa na bin bayanta. Shi kuwa aka ɗaure shi a bakin kwata, jela cikin dagwalo, sauro na walima a kansa, yana ta "jela kaɗa, dauɗa gudu" da muryar kuka. Kainuwa ta yi ta 'ya'ya har ta sake rufe tafki, ruwa ya koma garau.

Zaki ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce saboda wannan ƙoƙari, Kurege zai zauna a bakin kwatar nan har ƙarshen ransa, da sarautar Sarkin Jela. Kurege ya yi godiya, ya share hawaye, ya ce shi abin da ke damunsa, sabuwar shimfiɗa ta fi sabawa da wadda ta goyo ta, asiri duk ya koma jelar Yaya Kura. Amma kada a wahalar da ita, don ita ba ta cin gyaɗa, sai dai a riƙa ajiye mata ƙashi mai ɓargo.

Kafin Zaki ya ce uffan, Kura ta kwance Kurege da haƙora, ta ture shi gefe, ta zauna daɓas cikin dagwalo. Zaman da ta yi kenan har ƙugunta ya sauka, jelarta ta motse, warin ma har yau bai bar ta ba. Kurege kuwa, duk inda kuka gan shi jela a sama take, shanya yake yi.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Wanda zai yi ƙarya a cikinku, ya nemi jelar wani ya yi da ita. Ku tashi haka nan, wuta ta mutu.