Muryar Da Ba A Bar Wa Wuri Ba

An yi wani mutum a wani gari, sana'arsa ɗaukar waƙa da haɗa sauti a kwamfuta. Yana da ɗan studiyo a bayan kasuwa, ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyi kuwa har daga ƙauyuka suke zuwa wurinsa. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka kowa Auta yake ce masa, har bayan da furfura ta fara leƙo masa a gemu.

A fuskar kwamfutar akwai wani ɗan tsani na fitilu mai nuna ƙarfin sauti. Ƙasa kore ne, tsakiya rawaya, can sama kuma ja. Jan nan shi ne rufi. In sauti ya kai gare shi ba ya wucewa, sai dai a gutsure masa kai, abin da ya rage ya fito a fashe kamar ana yaga tsohon zane. Shi ya sa masu sanin aikin sukan bar sarari tsakanin sautin da rufin, domin ba wanda ya san inda mawaƙi zai ɗaga murya.

Auta ya san wannan sarai, shi ne ma abin da aka fara koya masa. Amma yana da wani ciwo: ba ya so a kunna waƙar wani a kasuwa ta fi tasa ƙara. In ya ƙara wa ganga ƙarfi, sai ta danne jita. Ya ƙara wa jita, sai ta danne mawaƙa. Ya ƙara wa mawaƙa, sai gangar ta zama abin tausayi, a koma kanta. Bai taɓa tunanin a rage wa wani ba, shi dai a ƙara. Masu waƙa kuwa suna zuga shi, suna cewa, "Oga, ƙara mata wuta!" Shi kuma kansa yana daɗa kumbura.

Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, ta yi shekara arba'in tana ba da waƙa a zumuntar mata ta ƙauyensu. A zamaninta, in ta ɗaga murya ran Lahadi, masu wanki a bakin rafi sukan amsa mata. Yanzu ciwo ya cinye ta, magana ma da kyar take fita.

Wata Talata da hantsi aka kawo ta asibiti a garin. Da aka gama duba ta, ta ce a biya da ita wurin ɗanta.

"Auta, ina da waƙa ɗaya da nake so ka ɗauka," in ji ta. "Na ƙara mata baiti a ƙarshe, naku ne ku 'ya'yana. Ban taɓa rera wa kowa ba."

Ya zaunar da ita a ɗan ɗakin ɗaukar murya, ya rufe ƙofa, ya koma wurin kwamfutarsa a bayan gilashin da ya raba ɗakunan, ya sa abin sauraro a kunne. Ya ce ta gwada. Muryar ta fito siririya, fitilun ko motsin kirki ba su yi ba. Abin ya ba shi haushi. Uwarsa guda, a ce waƙarta ta fito kamar raɗa? Ya kama maɓallin makirufo ya murɗa, ya murɗa, har raɗar nan ta hau ta tsaya daf da ja. Bai bar ko ɗan wurin sa yatsa ba.

Ta fara. Baiti na fari da na biyu suka wuce lami lafiya. A baiti na ƙarshe ta shiga kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a hankali, kowa da kalmarsa. Da ta zo kan Auta, sai ta dafa bango ta miƙe tsaye. Tsohuwar muryar nan ta bakin rafi ta dawo mata, sau ɗaya tak. Fitilun suka haye sama suka manne a ja. Abin da ya shiga kunnensa ƙara ce kawai, ya yi maza ya janye abin sauraron daga kansa.

Ta fito tana haki, fuskarta cike da murna. Ta nuna kwamfutar.

"Wannan jar wutar da na hango fa? Ko mu sake?"

Ya dubi yadda ta gaji. Ya dubi ƙofa, inda wata ƙungiya take jiransa da kayan kiɗa. Kunya kuma ta hana shi cewa ya yi kuskure a aikin da yake taƙama da shi.

"Ba komai, Mama. Zan gyara daga baya."

"To, Allah ya yi maka albarka. Ka dai ji abin da na ce maka ko?"

"Na ji, Mama."

Bai ji ba.

Bayan mako uku Ubangiji ya kira ta gida. Ana shirin jana'iza, yayarsa Saratu ta zo studiyo ta ce a fitar da waƙar, a sa wa jama'a. Ya buɗe aikin, ya rage ƙarfin sautin. Fashewar tana nan, ta dai yi ƙasa-ƙasa. Ya gwada duk dabarar da ya sani, ya kira abokan sana'a, kowa ya ba shi amsa ɗaya: abin da aka gutsure tun wurin ɗauka bai shiga ba, babu inda za a samo shi.

Suka zauna su biyu suka saurara. Saratu ta ji nata, ta rufe fuska da gyale. Suka ji na sauran 'yan'uwansu. Sai muryar ta ce "Auta," daga nan kuma sai tsagewa da ƙara har ƙarshe.

"Me Mama ta ce maka a nan?" in ji Saratu.

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba kana wurin ba?"

"Ina wurin."

Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka mai zafi, irin wanda bai yi ba ko a ranar rasuwar. Tun daga lokacin ba a sake ganin ja a aikinsa ba, amma wannan bai dawo masa da kalma ko ɗaya ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tsanin fitilun nan ranka ne, yana kuma da rufi, domin kai mutum ne. Ganga da jita su ne aiki, da neman suna, da tarurruka, da wayar da ba ta barin hannunka. Ba mugayen abubuwa ba ne. Laifin shi ne kowanne ka ƙara masa, ba ka rage wa ko ɗaya ba. Jar fitila ita ce gargaɗin da Allah yake aiko maka: gajiyar da ba ta wucewa, saurin fushi, addu'ar da ta koma minti ɗaya a bakin ƙofa. Ka gani, ka ce za ka gyara daga baya.

Allah yakan yi magana a ranar da ba ka zata ba, sau da yawa kuma ta bakin wanda ka saba da shi har ka daina sauraronsa. In ranar ta same ka a cike, za ka kasance a wurin, da kunnuwanka biyu, amma maganar ba za ta sami inda za ta shiga ba. Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa wanda ya tuba, na tabbata ya gafarta wa Auta. Sai dai gafara ba ta mai da ranar da ta wuce.

Saboda haka kada ka jira. A cikin makon nan ka zaɓi abu ɗaya ka rage masa ƙarfi. In kuwa akwai wanda ya tambaye ka ko ka ji, ka ce ka ji alhali ba ka ji ba, tashi ka je wurinsa yau tun yana da numfashi, ka ce masa, "Don Allah sake faɗa mini."