Furannin Nyak Romlah

Kun taɓa tambayar kanku ina aka kai ƙasar da aka haƙe daga tafkin unguwarmu?

Akwai wani mutum, Pak Jatmiko, shugaban sabbin gidajen nan na bayan garin Bekasi. Tafkin da ke tsakiyar gidajen shi ne abin tinƙahonsa. Ya zuba tarwaɗa, ya kewaye shi da waya.

Da can babu tafki a wurin, maƙabartar tsohon ƙauye ce. Masu gini suka haƙe ta, suka ɗaga harsashin gidaje da ƙasar saboda ambaliya.

Duk gabanin azumi, lokacin da kowa ke kai furanni kaburburan danginsa, wata tsohuwa, Nyak Romlah, takan zo ta watsa nata a kan ruwan. Furannin ba sa bin iska. Wuri guda suke tsayawa, kifi ko kusa ba ya zuwa.

Bana Pak Jatmiko ya tare ta a ƙofar shiga tafkin.

"Nyak, nan fa ba bola ba ce. Ko tarwaɗar kike zawarci?"

Masu kamun kifi suka tuntsire da dariya.

"Mijina nake gaisarwa, ɗan nan."

"To ki je inda yake ki gaishe shi!"

Ta dube shi. "Ka yarda?"

"Na yarda mana!"

Washegari da tsakar rana ta yi sallama a gidansa. Ba ta nemi jagora ba, ta wuce falo, ta durƙusa a wani lungu bayan kujera.

"Nan ko da rani sanyi gare shi, ko?"

Matar gidan ta saki farantin hannunta. Lungun ne kyanwarsu ba ta taɓa takawa ba.

"Ina tsaye motar masu gini ta juye ƙasar kabarin mijina a nan," in ji tsohuwar. "Tafki nake zuwa don kada in hana 'ya'yanku barci."

Ta zuba furanninta, ta yi addu'a, ta fita.

Da hannunsa Pak Jatmiko ya cire wayar da ya kewaye tafkin da ita, ya bi ta har gida yana ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma tafki kam ta daina. Baɗi ma falonsa za ta zo.

Darasi: Wani yana ɗauke maka nauyin da ba ka san da shi ba, kada ka saka masa da wulaƙanci. Yau ku nemi dattijon unguwarku ku tambaye shi me ke ƙarƙashin gidanku, sannan ku tura wa maƙwabta wannan labarin.