Wa Ya Taɓa Motar Na Allah?

“Wai wa ya taɓa motar nan bayan ni?”

Wannan tambayar Zara'u ta jiyo daga bayan darni, tana tsaye da muciya a hannu. Ba ita aka tambaya ba. Amma ƴan uwa, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Akwai wani direba a Gidan Amumune, sunansa Na Allah, shi ne mijin Zara'u. Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, da ita yake kai ƴan kasuwa Mayahi, su da buhunansu na hatsi da wake, wani lokaci har da awaki. Mutum ne mai neman na kansa, sai dai yana da hali guda: ba mai zama kujerarsa ta tuƙi. Ko makanisiye ne ke gyara, sai dai ya tsaya gefe ya ce a taka, shi kuma ya taka.

Mai gyara masa motar wani dattijo ne, Baba Jaji. Garejinsa inuwar gawo ce kusa da tasha, kuma shi ya koya wa Na Allah tuƙi. Gab da faɗuwar damina ya sa masa sabon diskin ambiriyaj. Ga wanda bai sani ba, ambiriyaj shi ne abin da direba ke takawa da ƙafar hagu, injin ya saki mota, sannan bitas, wato giya, ya shiga.

Mota ta yi damina lafiya. Da kaka ta kama sai ta fara gardama. Na Allah ya taka feda, ya tura bitas, sai ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Ran wata kasuwa, an gama lodi, mutane sun zauna, ta ƙi ɗungum. Kowa ya sauke kayansa ya koma wata mota, ana yi masa sannu ana ƙunshe dariya.

Kunya ta sa bakinsa ya yi tsawo. A tsakiyar tasha ya ce idon Jaji ya ƙare, hannunsa ya fara rawa, ya juya masa diski baibai. Ya ce duk mai son motarsa ya kai ta Tasawa.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, Rabilu direba ya kai tasa Tasawa, wasu biyu suka bi shi. Inuwar gawo ta zama sai Baba Jaji da tabarmarsa.

Wata safiya tsohon ya ɗauko jakar kayan aikinsa, ya tako har ƙofar gidan Na Allah inda aka turo motar. Ya yi sallama, ya gaishe shi da iyali, bai ɗaga zancen tasha ba ko kaɗan.

Ya ce Na Allah ya shiga ya gwada bitas ba tare da ya tada inji ba. Duk suka shiga sumul. Ya ce ya tada. Nan take ƙarar ta dawo. Baba Jaji ya gyaɗa kai, ya ce bitas ba shi da laifi, ambiriyaj ne bai saki ba.

Ya buɗe gaban mota ya duba ɗan gwangwanin man birki da ke tura ambiriyaj, ya tarar yana cike. Ya bi tiyo da yatsa, ba ɗigo ko ɗaya. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashi, ya ce Na Allah ya yi ta takawa ko iska ce ta shiga. Suka fitar da ɗan abin da ke akwai. Bai sauya komai ba.

Ya daɗe a kwance yana kallon ɗan sandan ƙarfen da ke motsi in an taka. Yana motsi, amma bai kaiwa inda ya saba. Da ya fito yana kakkaɓe riga, nan ne ya yi tambayar da Zara'u ta ji. Na Allah ya ce ba wanda ya taɓa, ai kowa ya san ba mai zama kujerarsa.

“To, sai mu sauke buwat, akwatin bitas, mu ga diskin,” in ji tsohon. “In ni na juya shi, ɗana, zan tsaya inda ka tsaya in faɗa da bakina.”

Zara'u ba ta yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, ba ta kuma san sunan ƙarfe ko ɗaya na mota ba. Amma ta san fitar mijinta da kunne. Kullum da safe tana madafa takan ji ƙofa ta rufe, sai wani ɗan “ƙwas” na ƙarfe ya bugi ƙarfe, sannan mota ta ja. Kwanakin nan ƙwas ɗin ya ɓace, sai wani “dum” mara rai, kamar an taka turmi.

Sai ta tuna. Da tsakiyar damina tsatsa ta huda ƙasan motar wajen ƙafafu, caɓi na fantsamo masa a wando. Shi da kansa ya yanki guntun katakon tsohon ƙyaure ya rufe ramin, bai kafa ƙusa ba, ya shimfiɗa ƴar tabarmar kaba da ta saƙa masa a kai. Ita ta riƙe masa katakon yana yanka.

Ta tsaya tana juya muciya cikin tukunyar da ba ta bukatar juyi. Ba ta saba magana inda maza suke ba. Amma ta ji ƙarar kayan aiki, tsoho mai furfura zai kwana biyu ƙarƙashin mota neman laifin da ba nasa ba.

Ta dama fura, ta tsaya bakin zaure ta ce a hankali a zo a karɓa. Da Na Allah ya shigo, ba ta ɗaga kai ba.

“Maigida, katakon nan na ramin mota, yana nan inda ka sa shi?”

Ya ce me ya haɗa mace da ambiriyaj. Ta ce ba komai, ita dai ta daina jin ƙarfen yana bugun ƙasa. Ta miƙa masa ƙwarya.

Na Allah ya karɓi ƙwaryar. Ta ga fuskarsa ta sauya. Ba wanda ke shiga gaban motar sai shi. Da ya so, sai ya zare katakon a ɓoye, ya ce iskar da aka fitar ce ta yi aiki, magana ta mutu.

Ya ajiye furar ya fita. Ta leƙa ta ramin darni.

Ya buɗe ƙofa ya ɗage tabarmar a gaban tsohon. Gargadar hanya ta turo katakon gaba har ƙarƙashin feda, ga gurbin da fedar ta ci a jikinsa. Kaurinsa ya kai yatsa biyu, iya abin da ke hana ta kaiwa ƙasa ke nan. Ya zare shi. Sannan ya koma gefe ya nuna kujerar.

“Baba, shiga ka taka da ƙafarka.”

Baba Jaji ya dube shi, ya shiga, ya tada inji, ya taka. Ƙwas. Bitas ya shige kamar cokali a cikin kunu.

Tsohon ya yi ɗan murmushi. Ya ce shi ma yana da laifi, shekara talatin yana gyara, ya fara da ƙasan mota bai fara da ƙafar direba ba. Ya ce a bar zancen nan, a ce an gyara kawai. Na Allah ya ce a'a, a tasha ya zubar, a tasha zai kwashe.

Da hantsi ya shiga tasha da Baba Jaji a kujerar tuƙi, shi yana gefe da katako a cinya. Ya ɗaga shi sama ya faɗi komai. Aka yi ta dariya, Rabilu ya laƙaba masa suna Na Katako, sunan da har yau bai sake shi ba. Ya shanye. Bayan kwana uku motoci suka fara komawa gindin gawo.

Mutane suka yi ta tambayar wanda ya gano abin. Na Allah yakan ce Allah ne ya nuna, don Zara'u ta roƙe shi kada ya ambaci sunanta. A bakin rijiya maƙwabciyarta Uwani ta ce ita ta ji wani malami ne daga Isawan ya duba masa. Zara'u ta ja gugarta, ta ce ikon Allah.

Katakon yana nan a madafarta, a kai take ɗora tulu. Kullum da safe in ta ji ƙwas ɗin nan sai ta dube shi, ta ci gaba da hura wutarta. Ta riga ta ƙudurta ba za ta gaya wa kowa ba.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, ɗaga tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafarka. In kuma ka ɓata sunan mutum a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa duk wanda kuka san bakinsa na riga idonsa.