Wazirin Da Ya Ƙona Labarai

A zamanin da, tun ana rubuta littafi da alƙalamin kara, an yi wani sarki wai shi Jatau, mai ɗa guda, Yarima Mainasara. Sarki ya danƙa shi hannun wani dattijo, Malam Zubairu. Da safe malamin yakan tsare shi kan littattafan shari'a, ba wasa ba dariya. In an yi la'asar kuwa sai ya ciro masa labaran fatake da na aljanu, yana cewa, "Gaya ba ya haɗiyuwa sai da miya."

Waziri Ɗanjimma kuwa surukinsa yake so a ba wannan matsayi. Ran nan ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tatsuniya ake ɗura wa magajinka. Gobe da labarin aljanu zai yi wa talakawa shari'a?"

Maganar ta shigi Sarki. Ya sa aka yi shela, duk littafin da ba na wajibi ba a kawo shi ƙofar fada. Waziri da hannunsa ya cinna wa tarin wuta, Yarima na tsaye yana kallo. Aka kori Malam Zubairu, ya fita da ƙafa cikin zafin bazara, bai kai gari na gaba ba rai ya yi halinsa.

Yarima bai yi kuka ba. Ya duƙufa kan littattafan shari'a har fadawa na yaba dabarar Waziri, ba su san hukuncin da zai kama Wazirin da shi yake nema ba. Bai samu na kisan kai ba, don Waziri bai zare takobi ba. Amma ya sami wani.

Da Sarki Jatau ya rasu aka naɗa Mainasara, sai ya tara fada ya ce, "Waziri, warware mini wannan. Mutum ne ya ƙona rumbun maƙwabcinsa, ya ce ai gero ba abinci ba ne tunda shi dawa yake ci. Mene ne hukuncinsa?"

Waziri ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, ya cika rumbun da irin abin da ya ƙona, kuma da guminsa."

"Ko da dattijo ne?"

"Shari'a ba ta duban furfura."

Sarki ya ce, "Bakinka ya yanke. Rumbun Malam Zubairu ka ƙona."

Waziri ya ce, "Zaki, umarnin mahaifinka ne."

"Harshenka ne ya nemo umarnin, hannunka ya ɗauko wutar. Ajiye rawanin. Za ka bi ƙasar nan da ƙafa, kamar yadda malamina ya fita, ka durƙusa gaban tsofaffi da fatake, ka rubuto abin da ka ƙona."

Ɗanjimma ya fita. Damina ta wuce, wata ta zo, ta sake zagayowa. Ƙafafunsa suka tsage, idonsa ya dushe. A bayansa Sarki ya soke tsohuwar doka: makarantu su riƙe karatun wajibi da safe, yamma kuwa kowa ya karanta abin da ransa ke so.

Wata rana Ɗanjimma ya dawo, ya sauke damin takardu gaban Sarki. Aka duba, aka miƙa wa magadan malamin. Sarki ya ce, "Ka biya. Tashi ka tafi."

Tsohon bai tashi ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura guda. Labarin falken da ya auri 'yar sarkin ruwa. Tsohuwar da ke ba ni shi ta rasu daidai inda ya buɗe ƙofar da aka hana shi. Na bi garuruwa, ba wanda ya san ƙarshensa. Ko abinci ba na jin daɗinsa. Me ya tarar a ciki?"

Sarki ya dube shi ya ce, "Na san ƙarshensa. Malam ya karanta mini."

Ɗanjimma ya matso da gwiwoyinsa.

Sarki ya ce, "Shi kaɗai zan riƙe. Dogarai, ku raka shi gida."

Ƙasa ta zauna lafiya, ɗalibai suka ƙoshi da gaya da miya. Ɗanjimma kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa, duk baƙon da ya sauka garin sai ya tare shi da tambayar abin da falken ya tarar.