Ranar da Badamasi Ya Yi wa Rafi Taki

Badamasi ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi a Getso, kuma tun muna yara yake da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis. Ba ya son wani ya fi shi a komai, sannan ba ya iya jira. In ka ce masa sai gobe, ji yake kamar ka zagi iyayensa. Ni Lukuman, raina a ɓace nake rubuta wannan, don haka in kun ji na ɗaga murya ku yi haƙuri.

Bara waccan ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura irin wadda duk tayoyinta huɗu suke ja. Mota lafiyayya, wallahi. Ta kwaso mana gero da wake daga gonakinmu na Lakwaya ko tari ba ta yi ba. Aibinta ɗaya, da damina in ruwa ya zaizaye hanya cikinta yakan ɗan gogi ƙasa.

Ni ma ba zan ɓoye nawa ba. Tsokana ce sana'ata ta biyu, duk Getso an sani. Wata ranar kasuwa wani Alhaji baƙo ya ajiye motarsa mai tsayi daga ƙasa kusa da ta Badamasi, sai na ce a gaban jama'a, "Kai Badamasi, taka kwanci take yi ne? Yaushe za ta ƙyanƙyashe?" Kowa ya yi dariya ban da shi.

Washegari ya ja ni Gwarzo, garejin Malam Uwaisu, dattijon bakanike da ya yi shekara talatin a ƙarƙashin motoci. Gaisuwar ma a tsaitsaye Badamasi ya yi ta.

"Malam, so nake ka ɗaga min motar nan. Inci bakwai."

Malam Uwaisu ya ajiye sifana ya dube shi. "Bakwai? Rumbu za ka yi da ita? Hanyar Lakwaya inci biyu take nema. A ƙara mata sifirin, a sa shokozoba masu ɗan tsawo don su shanye girgiza, shi ke nan. Zo ka ga wani abu."

Ya durƙusa ya nuna wata baƙar roba mai kaurin yatsa. "Tiyon birki ke nan. Daga jikin mota ya sauko zuwa taya, ta cikinsa man birki yake bi. In ka ɗaga jiki ka bar shi yadda yake, miƙewa zai yi, ranar da taya ta faɗa rami ya tsinke. Dole a sa dogo. Zan aika Kano a kawo, kwana huɗu."

"Kwana huɗu? Ni jibi nake son ta."

"Ba a garejina ba."

"Tsufa ne ya sa maka tsoro, Malam."

"To, Allah ya kiyaye hanya," in ji dattijon, ya ɗauki sifanarsa.

Daga nan Kabo muka nufa, wurin Hammadu mai walda. Hammadu ƙofofi yake yi da tagogi da gadon ƙarfe, kuma bai taɓa ce wa mai aiki a'a ba. "Ranka ya daɗe, ko inci goma kake so a yi." Ya yanko guntayen ƙarfe ya cusa a ƙarƙashin sifirin gaba da baya, ya ɗaure da dogayen kusoshi, aka sa manyan tayoyi na hannu. Wuni ɗaya ya gama.

Na leƙa ƙasa na ga tiyon nan ya miƙe sambal. Na ja shi da yatsa ya yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Na ce, "Badamasi, wallahi wannan ba wasa nake ba, ka tuna abin da Malam Uwaisu ya ce."

"Kai da ko facin keke ba ka iya ba? Shigo mu tafi."

Ka ji illar tsokana. Ranar da ka faɗi gaskiya ma ba mai saye.

Sati biyu yana zagaya gari, hannu ɗaya a waje. Sai da aka ajiye turmi a ƙofar gida don masu hawa. In ya sha kwana motar takan yi rangaji kamar raƙumi, shi kuwa ya ce alamar ƙarfi ce.

Ana haka masara ta kai gwiwa, lokacin taki ya yi. Buhu goma sha shida muka tara na farin taki: shida nawa, shida nasa, huɗu na yayata Zinnira. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gona ɗaya, kuma raguna biyun da ta yi shekara tana kiwo ta sayar ta sayi buhunan nan. Masarar gonar ita ce tuwonsu har wata kakar. Kowace shekara Ya'u mai amalanke ne yake kai mana taki ta doguwar hanya, kuma ta riga ta yi magana da shi.

Badamasi ya ce, "Haba Yaya! Ina da mota irin wannan ki ɗora taki a bayan shanu? So kike a yi da ni a gari?"

"Ni dai takina ya isa gona, ƙanina."

"Ki yi gaba ki jira mu. Kafin ki zauna mun iso."

Da hantsi muka jibga buhunan duka a baya, tsibi guda. An yi ruwa jiya, amma ya ƙi bin doguwar hanya, ya ce ta rafi zai yanke, ai don irin haka aka ɗaga motar. Gangaren rafin yana da tsayi, ruwa kuma ya ƙwaƙule shi. Ba mu kai rabi ba tayar gaba ta ɓangarena ta zurma wani rami, na ji tas! kamar an tsula bulala.

Badamasi ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa. "Lukuman, ba birki! Ba birki!"

"Innalillahi! Riƙe sitiyari!"

Ina! Mota ta kwasa da gudu, ga ta a sama, ga kaya a samanta. Ta yi dama, ta yi hagu, ta kwanta a gefenta cikin ruwa. Ta taga muka fito, shi da gocewar kafaɗa, ni da fasasshen leɓe. Manoman kusa suka rugo muka shiga janyo buhuna, amma yawancinsu sun fashe a kan duwatsu. Farin taki kuwa in ya ga ruwa kamar sukari yake a shayi. Buhun da mutum biyu suka ɗora, da hannu ɗaya nake ɗago shi.

Zinnira ta ji labari ta sauko daga gona, kwanon zuba taki yana hannunta. Ta tsaya ta dubi buhunan da muka shanya a kan ciyawa, ta ce, "Wanne ne nawa a ciki?"



Sai Badamasi ya ce, "Yaya, tsautsayi ne."

Nan raina ya tashi. "Tsautsayin da aka nuna maka da yatsa a Gwarzo? Tsautsayi ne ya tuƙa ka zuwa Kabo?"

"Kai ma rufe min baki," in ji Zinnira. "Shi girman kai, kai dogon baki, ni kuma raguna na yi asara."

Kafin mu yi kame-kame mu samo mata wani takin, sati uku sun wuce, masara ta riga ta yi ruwan ɗorawa ta tsugune. Ciyawar bakin rafi kuwa ta yi kore shar, awakin Lakwaya suka yi ƙiba. Gonar da take ba ta buhu goma sha takwas, biyar ta bayar.

Bayan an gama girbi, Badamasi yana zaune a ƙofar gida da abokansa yana ba su labarin yadda ruwa ya ci amanarsa, sai ga Zinnira da kwano a rufe. Ta ajiye a gabansa. Ya washe baki, ya ɗauka an huce an kawo masa abinci. Ya buɗe. Masara ce ƙwaya ɗaya, ba ta kai tsawon yatsa ba, 'ya'yanta a warwatse.

"Ci," in ji ta. "Kai ka noma ta."

Ta juya ta shige gida. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In za ka gyara abu, gyara shi daidai buƙatar aikinsa, ba daidai idon mutane ba. Wanda ya san aiki in ya ce ka jira kwana huɗu, ka jira, kada ka tafi neman wanda zai ce maka to. Mota a haɗe take, in ka taɓa wuri ɗaya sai ka bi sauran, har ƙaramar robar da ka raina. Kuma ka sani, girman kai da gaggawa ba a kan mai su kaɗai suke faɗuwa ba, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ne yake kwana da yunwa. Mu masu tsokana kuma, mu riƙa duba wanda muke zugawa.