Idon Baƙo a Saman Bariki

An ce a ƙasar Tudun Maje an yi wani shugaba, Mantau Garba, jarumi amma mai saurin fushi. Wata rana aka ga farin jirgi marar matuƙi yana shawagi a saman barikin soja, ba a san mai shi ba. Majalisa ta aiko takarda tana kiran ministan tsaro ya zo ya yi bayani.

Shugaba ya ce wa tsohon mashawarcinsa, Malam Jatau, "Ni aka zaɓa in tsare ƙasar nan. Ba zan tura ministana a titsiye shi kamar ɓarawon akuya ba."

Malam Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, su ma zaɓensu aka yi. Ko ka ji labarin Hajiya Kulu Tambai?"

"Ban ji ba."

"To, saurara. Tun kana makarantar firamare, wasu baƙi daga ƙetare suka nemi izinin tashi da ƙaramin jirgi, wai su ɗauki hoton inda fara ke ƙyanƙyasa. Ministan tsaro na wancan zamani ya sa hannu shi kaɗai, baƙin suka shiga ɗaukar hotuna. Hajiya Kulu, tsohuwar malamar makaranta, ita ke shugabantar kwamitin tsaro na majalisa. Ta ce a kawo hotunan su gani. Minista ya ce sirri ne. Ta dube shi ta ce, 'Ɗana, bari in ba ka labarin zakara da shirwa.

'Shirwa ta zo wa zakara ta ce, muzuru ya addabe ku, bar ni in riƙa kewaya saman gidanku, in na hango shi in yi muku kuka. Zakara ya amince, bai shawarci kowa ba. Sai wata tsohuwar kaza ta tara 'yan'uwanta a ƙarƙashin rumbu, suka kira shi. Ta ce, Maigida, idon da ke hango muzuru, rufewa yake yi in ya zo kan 'yan tsakinmu? Ranar kajin suka kwashe 'ya'yansu zuwa cikin ƙaya, suka sallami shirwa, damina ta wuce ba a rasa tsako ba. Kaji ba ƙin zakara suka yi ba, ɗana. Gidan ne na kowa.'

"Minista ya sunkuyar da kai. Washegari ya kawo hotunan, aka rufe ƙofa aka baje su. Gonaki kaɗan ne a ciki. Sauran duk madatsar ruwa ce, da ma'ajiyar makamai, da hanyoyin da soja ke bi. Majalisa ta soke izinin, ta kafa doka cewa ba baƙon da zai leƙa ƙasar nan ta sama sai da saninta. Ni ne ƙaramin akawun da ya rubuta zaman, har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara tsawo. Ranka ya daɗe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai tambayar inda ɗaki ke yoyo ba maƙiyin maigida ba ne."

Sai shugaba ya sa aka kira ministan tsaro, ya ce masa, "Gobe ka je majalisa da duk abin da muka sani game da jirgin nan. Na sirri ku rufe ƙofa ka faɗa musu. Wanda ba mu sani ba kuma, ka ce ba mu sani ba, su taya mu nema."